Ƙananan ƙwarin cikin furen wake: baƙaƙen da rawayen iri ɗaya ne?

Baban Hafsat, Rigachikun

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da fatan an wuni lafiya, ya aikin gona?

Ni tsohon malamin firamare ne. Shekara huɗu ke nan da na ajiye alli, abin da nake taɓawa yanzu 'yar gona ce a bayan Birnin Yero, in ka saki titin Zariya ka shiga ciki kaɗan. Ba ta wuce eka biyu ba. Bana na raba ta, masara a tudu, wake a gangare. Waken a mako na biyu na watan Agusta na shuka shi, irin nan ne na cibiyar binciken noma ta Samaru, SAMPEA 20-T, wanda aka ce tsutsar da ke huda kwanso ba ta iya masa. Kuma gaskiya iri ya cika alkawari, har yau ban fasa kwanso na ga tsutsa ba. Ganye kore shar, ya rufe kunya, duk wanda ya gifta sai ya ce Malam bana ka dace.

Sai da aka shiga fure na fara ganin abin da ban gane ba. Huda za ta fito, kafin ta buɗe sai ta yi ruwan ƙasa ta bushe. Na san furen wake dama ba ya kwana biyu, amma in ya faɗi yakan bar ɗan siririn kwanso a bayansa. Wannan kuwa sai ya faɗi da komai nasa, ya bar sanda tsirara. Akwai kunyar da na bi daga farko har ƙarshe, sandunan da ke ɗauke da kwanso ba su kai rabi ba.

Jiya da sassafe, lokacin furen yana buɗe, na tsinki ɗaya na yage shi a tafin hannu. Sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa baƙi wuluk suna ta tsere, sirara kamar an yayyanka zaren ɗinki da almakashi. Ba su kai ƙwayar riɗi tsawo ba. Na ƙirga 14 a fure ɗaya kafin saura su ɓace mini a tsakanin yatsu. A can gindin furen kuma akwai wasu masu launin ruwan goro, sun fi ƙanƙanta, kuma ba su da saurin baƙaƙen.

Maƙwabcina na bakin rafi yana da tattasai da 'yan kunyoyin tumatir na ƙarshen damina. Na shiga wajensa na tara littafin rubutu a ƙarƙashin fure na karkaɗa. Abin da ya zubo siffarsu ɗaya da nawa, sai dai su rawaya ne kamar ƙaiƙayi, kuma kana kai yatsa sai su tashi.

Shi maƙwabcin nawa ya ce rawayen 'ya'yan baƙaƙen ne, in sun girma za su yi baƙi. Wani mai shagon magani a Kawo ya ce duk ƙwarƙwatar fure ce, in saya in fesa kawai. Ni kuma na shekara 32 ina gaya wa yara cewa talibambam ɗan kwaɗo ne duk da ba su yi kama ba, don haka ban isa in ƙaryata maƙwabcina ba. Amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Dalilin damuwata shi ne ina shirin zuba irin tumatir na noman rani a gefen waken nan. In ƙwaro ɗaya ne, to na kai wa kura ajiyar nama ke nan. Don Allah wanda ya sani ya gaya mini: ta ina ake bambanta su? Abin da nake da shi gilashin nan ne da masu gyaran waya ke maƙalawa a ido, wani tsohon ɗalibina da ke aiki a babbar kasuwa ya ba ni aro, an rubuta yana ƙara girma sau 10.

Ɗan Soba

Wa alaikumus salam Malam. Ni dai shawarata kar ka wahalar da idonka. Mu nan shekara da shekaru muna noman wake, ba mu taɓa tambayar sunan ƙwaro ba. Da ka ga huda ta fara, ka ɗauki famfo. Mai shagon nan ya gaya maka gaskiya. Kafin ka gama ƙirga ƙafafunsu sun gama da furen, ka tashi da harawa kawai.

Maman Khalil, Samaru

Wa alaikumus salam Baba, sannu da ƙoƙari. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin binciken ƙwari, kuma rabin aikina a kan waɗannan 'yan mitsilan ya ƙare, don haka tambayarka ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi.

A littafi sunansu tirifs. Ba ƙwaro ɗaya ba ne, dangi ne guda, an san iri sama da 6,000 a duniya. Abin da ya haɗa su fiffike: siriri ne kamar tsinke, gefensa duk geza irin ta bakin darduma. Bakinsu ma abin mamaki ne, muƙamuƙin hagu kaɗai gare su, da shi suke huda fure su tsotse ruwansa.

Maƙwabcinka ya faɗi rabin gaskiya. Abu na farko da za ka duba da gilashinka shi ne fiffike, ba launi ba. Masu ruwan goron da ka gani a gindin furen wake, in ka duba za ka ga bayansu tsirara ne, babu fiffike ko kaɗan. Waɗannan su ne 'ya'yan baƙaƙen. Suna ƙyanƙyashewa fari-fari, su koma ruwan goro ko ja-ja, sannan su faɗa ƙasa su kwanta 'yan kwanaki, su fito da fiffike. Amma rawayen tattasai ka ce suna tashi. Duk wanda ya yi fiffike ya gama girma, ba zai rikiɗa ya zama wani ba. Sabon fitowa daga ƙasa yakan yi ɗan haske na kwana guda kafin launinsa ya nuna, iyakarta ke nan. Rawayen nan wani iri ne daban.

Baƙin cikin furen wake, kusan na ce na san shi ba tare da na gani ba: Megalurothrips sjostedti. Shi ne babban mai zubar da furen wake a Afirka ta Yamma. Yana sheƙi, tsawonsa milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, a cikin tirifs ɗin fure shi ƙato ne. Alamar da gilashinka zai iya kamawa ita ce fiffikensa mai duhu ne amma kusa da kafaɗa akwai wuri mai haske. In ya naɗe fukafukan a baya sai ka ga kamar ya yi ɗamara da farin ƙyalle. Ƙahonnin kansa, wato zare biyun nan da yake lalube da su, su ma masu duhu ne. Za ka ga wasu sun fi siranta da ƙanƙanta, mazan ke nan.

Sai dai kafin ka yanke hukunci ka dubi wutsiya. Akwai wasu baƙaƙen da ake ce wa Haplothrips, su ma cikin furanni suke zama. Ƙarshen cikinsu ɗan bututu ne miƙaƙƙe kamar bakin buta, fukafukansu farare ne kuma ɗaya yake hawa kan ɗaya. Na wake kuwa ƙarshen cikinsa tsini ne kamar fensirin da aka fiƙe, fukafukan a jere suke gefe da gefe. A ƙarƙashin tsinin macen akwai ɗan zarto da take tsaga jikin fure ta cusa ƙwai a ciki, shi ya sa ba za ka taɓa ganin ƙwan ba. Masu bututu ba su da zarto, a sarari suke ajiye nasu.

Rawayen su ne masu wuya. A tumatir da tattasai a ƙasar nan mutum biyu nake fara tuhuma. Ɗaya Frankliniella schultzei, mai bin furanni iri-iri har da auduga da gyaɗa. Ɗayan Thrips tabaci, na albasa. Da ido kamar tagwaye suke. A ƙarƙashin madubin bincike kuwa ba sa ɓoyuwa. Frankliniella yana da dogayen gasu a ƙeyarsa gaba da baya, wato a farantin da ke bayan kai. Na albasa a kusurwoyin baya kaɗai yake da dogayen, gaban a aske yake. Ƙahon Frankliniella gaɓa 8 ne, na albasa 7. Kuma kar ka ɗauka ƙirgar da sauƙi, bambancin yana can ƙarshen ƙahon, inda wancan ke da 'yan ƙananan gaɓoɓi biyu wannan ke da ɗaya. Gilashin sau 10 ba zai nuna maka wannan ba, kar ka ɓata wa kanka rai.

Akwai abu ɗaya da wataƙila za ka iya hangowa in haske ya yi kyau kuma ƙwaron sabo ne. Tsakanin manyan idanunsu biyu akwai 'yan ƙananan idanu uku. Na Frankliniella jajaye ne, na ɗan albasa ruwan toka.

Ƙarin rikici kuma, shi schultzei ɗin yana da mai duhu yana da mai haske, kuma yakan shiga furen wake ma. In ka ga baƙi-baƙi ƙarami a waken naka, fiffikensa fari fat babu ɗamara, to ba na waken ba ne, baƙo ne. Shi ya sa muke ce wa ɗalibai kama da wane ba ta wane.

Ka samu 'yar kwalbar allura da aka wanke, ka zuba sifirit kashi 7 ruwa kashi 3, ka jefa furanni a ciki a can gonar. In ka dawo gida ka juye a farin faranti ka duba a natse. Kowace gona kwalbarta daban.

Mai Albasa, bakin Galma

Hajiya Allah ya ƙara basira. Wannan na albasa da kika ambata ni na san shi kamar yunwar cikina, sai dai ban san yana da suna ba. Mu a nan ba a fure muke samunsa ba. Sai ka ware lawashi ka leƙa can cikin wuyan albasar, inda sabon ganye ke fitowa, nan suke cunkushe, manya da 'ya'ya. 'Ya'yan fari-fari ne ko rawaya mai haske, ban taɓa ganin masu ruwan goro irin na Malam ba. Ganyen sai ya yi zane-zane fari kamar an yayyafa toka, in abin ya yi yawa bakinsa ya bushe ya lanƙwashe, albasar ta ƙi yin kai.

Lokacinsu daga ƙarshen sanyi ne, Fabrairu zuwa Maris, in zafi ya fara kamawa. Da damina ruwan sama ke wanke su. Na lura kuma fangalin da ya sha ƙishi ya fi kamuwa.

Ni abin da zan ce wa ɗan'uwana na Soba, a bar Malam ya nemi sani. A 2016 da tsutsar nan da ake kira Sharon ta afka wa tumatir, har gwamnatin jihar nan ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, me ba mu fesa ba? Duk abin da ke shago mun zuba, saboda mun ɗauka tsutsar da muka saba ce. Kuɗi suka ƙare, tumatir ya ƙone. Sai daga baya aka gaya mana wata aba ce daban, a cikin ganye take zama, kuma maganinta daban. Tun daga ranar nake duba abu kafin in kunce bakin aljihu.

Baban Hafsat, Rigachikun

Jama'a na gode ƙwarai. 'Yata Maman Khalil, Allah ya yi miki albarka, ya raya Khalil. Na yi abin da kika ce, ga rahoto.

Da asuba na tafi da kwalabe uku. Ta farko furen wake 20, na tsinko daga wurare daban-daban, ba kunya ɗaya ba. Ta biyu furen tattasai da tumatir na maƙwabci. Ta uku kuma karambani ne nawa: akwai wata ciyawa mai fure rawaya a kan iyakar gonar, na ga baƙaƙe a cikinta, na ce bari in ɗebo su ma.

Na dawo na karɓi farantin tangaran na uwargida, wanda ba ta bari a taɓa sai an yi baƙi, na zauna a tsakar gida inda rana ke faɗowa. Da gashin kaza nake jawo su ɗaya bayan ɗaya. Na fi awa biyu a tsugune, har jikata ta zo tana tambaya ko allura na yar.

Ɗamarar nan na gan ta. Wallahi kamar yadda kika faɗa, wuri mai haske daidai kafaɗa, sauran fiffiken duhu. Na ga gezar ma, da ɗaya ya buɗe fiffike a cikin sifirit. Masu ruwan goron kuwa tsirara suke, ko alamar fiffike babu. A furanni 20 na ƙirga manya 163, 'ya'yan na gaji na bari, sun fi manyan yawa. A cikin manyan akwai 6 da suka fi ƙanƙanta, launinsu ruwan ƙasa mai duhu, fiffike fari babu ɗamara. Na ware su gefe, ina jin su ne baƙin da kika ce.

Kwalba ta uku ita ta fi ba ni daɗi. Baƙaƙen ciyawar nan, da ido ba za ka raba su da na wake ba, har na riga na ce gobe zan sa a nome iyakar tas. Da na sa gilashi sai ga bututu a wutsiya, miƙaƙƙe, da 'yan gasu a bakinsa. Ko ɗaya ba mai ɗamara. A cikin na wake kuma ban samu mai bututu ko ɗaya ba. Ashe maƙwabta ne kawai, kowa da gidansa.

Rawayen tattasai sun gagare ni. Fiffike dai suna da shi, wannan na tabbatar, na kuma je na nuna wa maƙwabcina ya gani da idonsa, ya ce to Malam ka ci wannan. Amma ƙananan idanun nan uku, wani lokaci in ga kamar ja, in na juya farantin in ga ba komai. Idon ɗan shekara 64 ne.

Ga sabuwar tambaya. A cikin furen wake, kafin in jefa a kwalba, na ga wani ƙwaro daban. Ya fi su faɗi, ɗan shafaffe ne kamar ƙaramin kuɗin cizo, baƙi da fari a baya. Na gan shi ya soke ɗaya daga cikin masu ruwan goron da dogon baki ya ɗaga shi sama. Shi kuma wane ne, abokin gaba ko na arziki?

Ɗalibin Noma, Zariya

Baba barka da ƙoƙari, wallahi aikin da ka yi da gilashin mai gyaran waya wasu 'yan ajinmu ba su yi shi da madubin makaranta ba. Anti Maman Khalil ta gama magana, ɗan ƙari kawai zan yi a kan rawayen, tunda su nake karanta yanzu.

Kar Baba ya zargi idonsa. Jan nan na ƙananan idanu yakan dushe in ƙwaron ya jima a cikin sifirit, kuma mu ma ba da shi muke yanke hukunci ba. Sai an jiƙa ƙwaron a ruwan soda mai rauni cikinsa ya washe, a kwantar da shi a kan gilashi a miƙe fukafukai da ƙahonni, sannan a duba da madubin da ke ƙara girma sau 100 zuwa 400. A nan ake ganin jijiyoyin fiffike. Frankliniella layi biyu na gashi gare shi a fiffiken gaba, kowanne ya tafi daga tushe har ƙarshe ba yankewa. Na albasa layinsa na gaba yana yankewa a tsakiya, sai wajen ƙarshe ka ga 'yan gasu, yawanci huɗu.

Launin na albasa ma ba tsayayye ba ne. Wanda ya girma da zafi rawaya ne, wanda ya girma cikin hunturu yakan yi ruwan ƙasa. Mai Albasa zai iya gwadawa, ya kwatanta na Janairu da na Maris. Kuma a wurare da yawa da wuya ka ga namijinsa, matan suna haihuwa ba tare da barbara ba.

Akwai na uku da ya kamata a san da shi, Frankliniella occidentalis. Asalinsa yammacin Amurka ne, cinikin furanni da dashe ya yaɗa shi duniya, ya shiga Holan a 1983 daga nan ya bazu Turai da gabashin Afirka. Masu rumfar leda da masu sayen dashen furanni daga waje su ya kamata su fi sa ido, don yana da taurin kai wajen magani. Shi da schultzei 'yan gida ɗaya ne, gaɓar ƙaho 8, gashin ƙeya gaba da baya. Inda ake raba su wuri biyu ne. A gaɓa ta 8 ta cikin ƙwaron, can wajen wutsiya, occidentalis yana da jerin ƙananan haƙora kamar matsefi daga gefe zuwa gefe, schultzei ba shi da shi ko kuma guntu ne. Sannan akwai dogayen gasu biyu a wajen ƙananan idanun nan: na schultzei a matse suke da juna a tsakanin idanun baya biyu, na occidentalis a ware.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala a kan rawayen shi ne cuta. Su Frankliniella suna ɗaukar bairos ɗin da ke sa ganyen tumatir ya yi launin tagulla, tsiron ya tsumbure, 'ya'yan su fito da zobe-zobe. Abin lura, sai ƙwaron yana ɗa yake ɗaukar cutar daga tsiro mai ciwo, in ya girma ya yi fiffike ya kai wa mai lafiya. Wanda ya girma bai ɗauka ba, ko ya ci mai ciwo daga baya ba ya yaɗawa. Don haka tsohon tumatir da aka bari a gona bayan an gama tsinka, shi ne makarantarsu.

Maman Khalil, Samaru

Madalla ƙanena, ka cike inda na bari. Baba, wannan mai baƙi da fari na arziki ne, a riƙe shi hannu biyu. Sunansa Orius, abincinsa tirifs ne, manya da 'ya'ya. Ka kula, 'ya'yansa ma ruwan goro ne ba fiffike, ana rikita su da 'ya'yan tirifs. Su jikinsu kamar ɗigon ruwa yake, faɗi a baya, da jajayen idanu, kuma suna da gudu. 'Ya'yan tirifs dogaye ne sirara masu nawa.

Amma kar in yaudare ka, manya 163 a fure 20, ga 'ya'ya fiye da haka, ga fure yana zuba, Orius ba zai iya shi kaɗai ba. A nan Ɗan Soba yana da gaskiya, waken nan yana son feshi, kuma da an yi tun huda tana fitowa da ya fi. Irin da ka shuka an yi shi ne don tsutsar kwanso kaɗai, ba ya hana tirifs ko ƙwarin da ke tsotse kwanso. Shi ya sa ko da aka fitar da shi a 2019 ba a ce a daina feshi ba, cewa aka yi ya ragu zuwa kamar sau biyu. Ka yi da yamma lis, bayan ƙudan zuma sun koma, ka bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, ka rufe hanci da hannu. Bayan mako guda ka sake tsinko fure 20 ka ƙirga, domin ƙwan da ke cikin fure da waɗanda ke kwance a ƙasa magani bai same su ba, kuma da zafin nan mako biyu zuwa uku ya ishe su daga ƙwai zuwa fiffike. In za ka maimaita ka canza sinadari, ba sunan kwalba kawai ba, ka karanta abin da ke ciki.

Maganar tumatir ɗinka kuma, mai ɗamarar nan ɗan gidan wake ne. In wake ya ƙare, furen itatuwa da ciyayi dangin wake yake nema ya yi rani, irin su madobiya. Ba shi ne zai dame ka a tumatir ba. Waɗanda za ka ji tsoro su ne na bakin rafi da 'yan shidan nan da ka ware. In da hali ka nisanta wurin renon daga tsohon tumatir da tattasan maƙwabci, ka sa shi ta inda iska ke fitowa, ka rufe da gidan sauro mai ƙananan ido. Ka kuma leƙa gonarsa, in akwai mai ganyen tagulla ko 'ya'ya masu zobe a tumɓuke a binne, feshi ba ya warkar da shi.

Ɗan Soba

To Malam, an zaga an zaga an dawo kan famfona dai. Amma na yarda, ban san akwai mai cin su a cikin furen ba, kuma ni da safe nake feshi lokacin da zuma ke kai. Zan koma yamma.

Baban Hafsat, Rigachikun

Ɗan Soba ka ci rabi, maƙwabcina ya ci rabi, ni da na tsuguna awa biyu na tashi da ciwon baya. Jiya bayan la'asar na yi feshin, waken kaɗai. Ciyawar iyaka na bar ta da masu bututunta, dama kuɗin noman da zan biya ya huta.

Wurin reno na canza shi. Zan zuba irin a bayan gida nan Rigachikun, cikin tsofaffin buhuna, uwargida ta ba da gidan sauron da ya yage a gefe ɗaya, za a ɗinke. Na leƙa tumatirin maƙwabci kamar yadda aka ce, ban ga zobe a jikin 'ya'ya ba, amma akwai gindi uku da suka tsumbure, ya ce zai cire.

Ranar Litinin ina da zuwa Zariya gaisuwar rasuwa, zan biyo ta Samaru da kwalbar rawayen da ta 'yan shidan nan, ko Allah zai sa a ɗora mini su a madubi in ga matsefin nan da idona, ko in ga babu shi. Ɗana ɗalibi, me zan rubuta a jikin kwalbar? Na manna takarda da biro jiya, sifirit ya zubo ya wanke rubutun tas.

Ɗalibin Noma, Zariya

Baba da fensiri za ka rubuta, a 'yar takarda, ka jefa ta cikin kwalbar tare da su, sifirit ba ya cin fensiri. Ka sa sunan wurin, kwanan wata, da shukar da ka samo su, tattasai daban tumatir daban in ba a riga an gauraya ba. Ka cika kwalbar har wuya don kar su yi ta bugun gilashi a mota ƙahonnin su karye, in ƙaho ya karye ba abin ƙirgawa. In ka iso ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ina makaranta har azahar.